Alƙawarin Liyatu Mai Jinya

Duk mai bin lungunan Soron Ɗinki da sassafe ya san Liyatu, ko da bai san sunanta ba. Gajeruwar mace ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, shekarunta hamsin da 'yan kai. Ƙarfe bakwai adaidaita sahu ke sauke ta a bakin titi, ta gyara mayafinta ruwan toka, ta maƙale jakarta a hammata, ta ƙarasa da ƙafa. Matan unguwa suna ce mata Liyatu mai jinya. Waɗanda bakinsu ba shi da linzami kuwa cewa suke yi a bayan idonta, wai duk gidan da aka ga ta shiga a fara neman likkafani. Sharri suke yi mata. Ba ita ke kawo mutuwa ba, mutane ne ba sa tunawa da ita sai ranar da likita ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a.

Kirista ce, kuma Bahaushiya tun kaka da kakanni, daga wani ƙauye a ƙasar Sumaila. Sau nawa wata za ta dube ta ta ce ai Hausarta ta yi kyau, a ina ta koya? Liyatu takan amsa da cewa a nono ta sha, kamar yadda mai tambayar ta sha. Mahaifinta, Mailafiya, manomin dawa ne, shi ke buɗe ƙaramin cocin ƙauyensu ranar Lahadi ya share shi da hannunsa. Ba mai yawan magana ba ne, amma abu ɗaya ya dasa wa 'ya'yansa har ya zauna: kada bakinka ya faɗi abin da zuciyarka ba ta riƙe ba, ko da wasa, ko don a rabu da kai lafiya.

Aure ne ya kawo ta birni. Ɗanjuma direban babbar mota ne, mai raha, mai son ta. Shekara goma sha tara suna tare a ɗaki ɗaya a Sabon Gari, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Dangi suka yi surutu har suka gaji. Sai wata rana motarsa ta kife a hanyar Lakwaja. Abokin aikinsa da ya zo gaisuwa, maimakon ya yi shiru, ya kwashe labari duka ya faɗa mata, wai awa huɗu Ɗanjuma yana danne a ƙarƙashin ƙarfe, jama'a sun kewaye suna kallo, yana magana ba mai jin harshensa, kuma ba wanda ya durƙusa ya riƙe masa hannu. Wannan labari ya fi mutuwar kanta cin Liyatu.

Shekara biyu ta yi tana tafiya kamar wadda aka zare wa laka. Tana aikin shara da goge-goge a wani asibiti, ta je ta dawo, ta kwanta. A taron zumuntar mata can baya take zama, in ana waƙa ta motsa leɓe kawai. In ta durƙusa addu'a kuwa faɗa take yi da Allah kai tsaye, ba kara: ba ɗa, ba miji, ba ilimi, to don me ya halicce ta? Don ta goge tayil?

A makon Ista na shekara ta biyu fasto ya yi wa'azi kan daren da za a kama Yesu, yadda baƙin ciki ya danne shi har ya roƙi abokansa uku su zauna a farke tare da shi, ya dawo ya tarar suna sharar barci. Liyatu ba ta ji sauran wa'azin ba. Ashe shi ma ya san wannan? Ashe Ubangijinta da kansa ya nemi mai zama kusa da shi ya rasa? Washegari tana goge ɗakin maza ta ga wani tsoho a gadon ƙarshe, wanda tun da aka kawo shi ba a ga ɗan uwansa ko ɗaya ba, numfashinsa ya fara sarƙewa. Ta jingine sandar goge-goge, ta jawo kujera ta zauna. Ya cika yana riƙe da babban yatsanta. Shugabar ɗakin ta wanke ta tas saboda ta bar aiki rabi, amma ranar Liyatu ta koma gida da yunwa, ta tuƙa tuwo ta ci malmala biyu. Ta gane abin da aka ajiye ta a duniya ta yi, kuma tun daga lokacin ba ta sake yi wa Allah waccan tambayar ba.

Bakin mutane ne ya kai labarinta cikin gari, gida ya ba gida, har ya kai kunnen Alhaji Muttaka, ɗan kasuwar Kantin Kwari, wanda mahaifiyarsa Hajiya Turai ta samu shanyewar ɓarin jiki. Masu jinya huɗu tsohuwar ta kora da bakinta kawai. Hajiya Turai mace ce mai kyauta, mai salla, ba a taɓa zuwa gidanta da yunwa a fita da ita ba. Amma baki! Subhanallahi. Ja'ira ce gaisuwarta, 'yar banza ce godiyarta. Akuya ta sha zagi, mai tallan gawayi ya sha, limamin unguwa ma sai da ya koyi gaishe ta daga soro. Wasu cikin dangi sun yi ƙorafin a ce Kirista ce ke juya tsohuwar a kan gado. Muttaka ya ce duk mai ƙorafi ya zo ya karɓi aikin, aka nemi mutum ɗaya aka rasa.

Ranar farko Hajiya ta ƙare mata kallo ta ce wannan guntuwar ce za ta iya ɗaga ta? Liyatu ta ɗaga ta cak, ta canza zanin gado, ta mayar da ita. Tsohuwar ta ce, to, ja'irar tana da ƙarfi. Shi ke nan aka ƙulla. Shekara uku Liyatu tana yi mata wanka, tana ba ta kunu a cokali, tana zuba mata ruwan alwala, tana shafa mata man zafi. Da yamma ta miƙa ta ga Bahijja, autar Hajiya, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ke kwana da uwar. Hajiya ta sha yi wa Liyatu tayin Musulunci, ita kuma ta sha amsawa da cewa tana da mai ita, wato Yesu. Daga baya tsohuwar ta bari, ta koma cewa kafiya ce da ita irin ta jakin Kano.

Wata rana da hantsi, Liyatu tana tsefe mata kai, Hajiya ta sassauta murya, abin da ba halinta ba. Ta ce tsoro take ji. Ba mutuwar take tsoro ba, ta haura tamanin, me ya rage? Malamai sun ce abin da harshe ya saba da shi, shi yake zuwa masa a ƙarshe. Ita kuwa ta san abin da nata ya saba.

"Kada in tafi da zagi a bakina, Liyatu. Na san ba ke za ki faɗa mini kalmar shahada ba, ba zan ɗora miki wannan ba. Amma ke ce kika san alamun tafiya. In kin gani, ki tabbatar akwai mai tuna mini a kunne."

Liyatu ta ce ta ɗauki alƙawari a gaban Allah. Ba ta ga wuyar abin ba a lokacin, gida ne da ba ya rabo da mutane.

Cikin damina jikin ya rikice. Kwana tara Hajiya ba ta ci ba, ba ta gane kowa ba, kunnenta da tun can ya yi nauyi ya ƙara toshewa. Sai ranar wata Juma'a da safe ta buɗe ido tar, ta ce a tayar da ita zaune. Ta dubi Bahijja ta ce ta rame kamar kazar mayu. Ta dubi Muttaka da ya biyo kafin ya wuce kasuwa, ta ce tumbinsa ya kusa rufe ƙofa. Sannan ta ce gurasa take marmari, bandashe, mai yaji sosai. Gida ya kaure da murna, aka ruga aka sayo, ta ci loma biyu. Muttaka har da hawaye, yana ta alhamdulillahi.

Liyatu kaɗai ce ba ta yi murna ba. Ta ga irin wannan sauƙin ya fi sau ashirin. Ta sa hannu cikin bargo ta taɓa ƙafafun tsohuwar, ta ji sanyi ya hau har ƙauri. Ta bi Muttaka soro ta ce masa da zai haƙura da kasuwa yau da ya kyauta. Ya yi murmushi ya ce rai a hannun Allah yake, Malama Liyatu, kuma ana idar da sallar Juma'a nan zai yo. Ta koma wurin Bahijja, wadda ta riga ta fito da leshinta, domin ranar ake yinin bikin 'yar aminiyarta a Ƙofar Mazugal, kuma matan lungun gaba ɗaya can za su. Shekara uku Bahijja, baiwar Allah, ba ta taka gidan biki ba. Liyatu ta rage murya ta faɗa mata gaskiya, cewa wannan ba sauƙin tashi ba ne. Bahijja ta ɓata rai ta ce bakinta ya sari ɗanyen kashi, mutum ya samu lafiya ana yi masa fatan tsiya? Hajiya kuma, da ta ga leshi, ta ce maza ta tafi ta ba ta wuri, ta gaji da ganin fuskarta. Ƙarfe goma sha biyu gida ya zama daga Liyatu sai tsohuwar.

Ɗaya da rabi ta wuce kaɗan numfashin ya canza. Ya ja da ƙarfi, ya tsaya, har sai Liyatu ta ƙirga goma sha biyu sannan ya dawo. Ta kira wayar Muttaka, a kashe, yana sahu a masallaci. Ta kira Bahijja sau biyar, tana ta ringi ba a ɗauka, wa zai ji waya a cikin kiɗan biki? Ta gyara wa Hajiya kwanciya a kan ɓarinta na dama, fuska ga alƙibla, kamar yadda ta ga ana yi. Sannan ta fita da gudu ba ko takalmi.

Lungun wayam. Ƙofar maƙwabta na dama da kwaɗo. Na hagu ta buga har hannunta ya yi zafi, ba a amsa ba. Mai shagon bakin lungu ya ja ƙyaurensa, mai wankin hula ya bar hulunansa a kan gungume ya tafi masallaci. Daga nesa ana jin huɗuba a lasifika, iska tana kawo ta tana mayarwa. In ta miƙe zuwa titi za ta samu mutum, amma zuwa da dawowa da bayani sai sun ci minti goma, kuma ta san minti goma a irin wannan numfashi. Tsohuwar za ta iya tafiya ita kaɗai a ɗaki, abin da Liyatu ta rantse ba za a sake yi wa wani a gabanta ba. Ta juya ta koma.

Ta tarar Hajiya tana magana, ido a rufe. Liyatu ta kai kunne. Faɗa take yi da wata Zainab, ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haifi Bahijja, wai ta bar akuya ta shiga rumbu, shashasha, 'yar banza mara kan gado. Numfashi ya tsaya. Liyatu ta ƙirga goma sha biyar. Ya dawo.

Ta san kalmar. Wa zai yi shekara talatin a Kano bai san ta ba? Tana nan a kan harshenta, ba kowa a ɗakin, ba wanda zai ji balle ya ce ta musulunta, ba wanda zai kai wa fasto labari. Ta sunkuya har leɓenta ya taɓa kunnen tsohuwar, ta buɗe baki, ta kasa. Wannan kalma shaida ce, ba waƙar talla ba. In ta faɗe ta, ko dai ta yi wa Ubangijinta ƙarya, ko ta yi wa Hajiya, ta raka ta kabari da abin da ita kanta ba ta riƙe ba. In kuma ta yi shiru, matar da ta amince mata za ta tafi tana zagin matacciya. Ta ce da ƙarfi, Hajiya, ki tuna Allah, Hajiya, ki faɗi abin da kika ce a tuna miki. Tsohuwar ta yamutsa fuska ta ce a rabu da ita.

Liyatu ta zube a gaban gadon. Ba ta iya haɗa addu'a mai tsari ba. Cewa kawai take yi, Yesu, kai ka aiko ni ɗakin nan, ban aiko kaina ba, nuna mini, nuna mini. Tana ɗaga kai idonta ya sauka a kan butar Hajiya a gindin gado, da 'yar robar da ake tara ruwa.

Sau uku a kowace rana, shekara uku, ita ke zuba wannan ruwa. Kuma ba a taɓa gama wanke ƙafar hagu ba face tsohuwar ta ɗaga yatsa ta faɗi kalmar shahada, ko tana fushi, ko tana gyangyaɗi, ko tana tsakiyar yi wa wani tijara. Harshen da ya saba da zagi ya saba da wannan ma, tun tana 'yar shekara bakwai.

Ta jawo buta. Ta kai baki kunnenta ta ce, Hajiya, azahar ta yi, ga ruwan alwala. Ta kamo hannun da ya fi kusa da ita ta fara zubawa.

"Dama tukuna, ja'ira."

Muryar kamar daga ƙasan rijiya, amma ta Hajiya Turai ce sak. Liyatu ta ji dariya da kuka sun taho mata tare. Tana nan, tana bin abin da ake yi. Amma in numfashin ya yanke yanzu, wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Ta zaro hannun daman daga ƙarƙashinta ta wanke sau uku, sannan hagu. Ba halin kurkure baki, sai ta jiƙa auduga ta goga mata a leɓe, ta taɓa hanci. Zuciyarta tana ce mata ta tsallake, ta tafi ƙafa kai tsaye, amma ta san tsohuwar, in aka tsallake gaɓa ɗaya sabon faɗa ne. Ta wanke fuska. Ta wanke hannaye zuwa gwiwa. A shafar kai numfashin ya ɗauke, ta tsaya da jiƙaƙƙen hannu a kan furfura tana ƙirgawa, goma sha takwas, goma sha tara, ashirin. Ya dawo da wani gurnani. Ta shafi kunnuwa, ta sauka ƙasan gado ta durƙusa, ta ɗora ƙafar dama a cinyarta, sanyi ƙalau. Ta wanke har idon sawu, ta tsettsefe yatsu. Ta ɗauki ta hagu ta yi mata haka. Ta ajiye buta yadda za ta yi ƙara a kan siminti, kamar kullum.

Shiru. Liyatu ta rarrafa zuwa wajen kai. Leɓen ba ya motsi. Sai ta ga manunin hannun dama ya ɗan ɗaga daga kan katifa, kaɗan, da ƙyar. Bakin ya buɗe, kalmar ta fito a hankali, gaɓa bayan gaɓa, tun daga farko har ƙarshe, ba abin da ya faɗi.

Hajiya ba ta cika nan take ba. Ta ƙara kusan minti bakwai, kuma waɗannan ne suka fi yi wa Liyatu tsawo a duk rayuwarta. Ta taɓa ji a gidajen da ta yi jinya cewa in mai tafiya ya faɗi kalmar ba a sake jan sa da magana, don ta zama ita ce ta ƙarshe. Ita kuwa ta san ko sannu ta ce, tsohuwar nan sai ta nemi abin mayar mata. Akwai maganganu cike da bakinta. Tana so ta ce ta yafe mata duk zagin, tana so ta ce ita ma a yafe mata, tana so ta ce tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ya zame mata uwa sai ita. Ta haɗiye su duka. Kuka ya taso, ta cusa gefen mayafi a baki ta danne. Sau ɗaya idon Hajiya ya buɗe ya tsaya a kanta, leɓen ya motsa kamar za a ce wani abu. Liyatu ta girgiza mata kai a hankali, ta matse hannunta. Leɓen ya koma ya kwanta.

Ta shafe mata ido, ta ɗaure haɓa da ɗankwali, ta miƙar da ƙafafu, ta ja zani ta rufe. Daga nan aikin ba nata ba ne, na matan gidan ne. Ta fito ta zauna a dokin ƙofa.

Biyu da rabi ta ji sallamar Muttaka a soro, da fara'arsa, da ledar lemo a hannu. Yana ganin fuskarta ledar ta suɓuce. Ya yi salati ya shiga ɗakin, ya daɗe, sannan ya fito ya tsaya a kanta. Ya tambaye ta wa ke nan lokacin da abin ya faru. Ta ce ita kaɗai. Ya runtse ido, ya dafa bango, domin ya san abin da uwarsa take tsoro, shi ma ta sha faɗa masa.

"Malama Liyatu, ki faɗa mini gaskiya ko mai ɗaci ce. Da me ta cika?"

"Da abin da kuke fata, Alhaji. Ba zan iya maimaita maka ba, amma na ji da kunnena, tun daga farko har ƙarshe. Bayanta ba ta ƙara cewa komai ba."

Ya dube ta, ya dubi ɗakin, ya kasa gane yadda aka yi. Ta ce ya je ya taɓa ƙafafunta. Ya koma ciki, ya ga buta da roba da ruwan da ya malala a siminti. Ya durƙusa ya ɗaga gefen zanin, ya sa hannu a tsakanin yatsun mahaifiyarsa, ya ji da sauran danshi. Liyatu tana daga waje ta ji kukansa ya fashe, sai a lokacin ita ma ta saki kukan da ta danne da mayafi.